Sai Turbo Ya Huce

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma har na yi gemu na yi aure Baba bai taɓa zama ya yi hira da ni ba. Ba faɗa muka yi ba. Kunyar ɗan fari ce, irin wadda ya taho da ita daga Indabo tun kafin a haife ni, ya kuma riƙe ta gam a tsakiyar Wudil, inda mutane da yawa suka daɗe da sassauta tasu. Sunana ba ya fita daga bakinsa. Idan yana son a kira ni sai ya ce wa ƙanena, "Kira min wancan." Da na buɗe shagon ɗinki a jikin zauren gidanmu sai na samu ƙarin girma, na zama "mutumin shago". Ina tsaye a gabansa zai dubi Inna ya ce, "A gaya wa mutumin shago aljihun rigar nan ya yage." Inna kuwa, da yake ita ma tata kunyar ba ta barin ta, sai ta dubi bango ta ce, "To, ai ya ji."

Mutane suna yabon wannan hali, suna cewa kawaici ne na mutanen kirki. Ni dai haushi yake ba ni. Ina ji ina gani ƙannena suna ɗare gaban motarsa, autarmu har sitiyari take kamawa tana danna hon, shi kuwa yana dariya har hularsa ta karkace. Da na shigo sai dariyar ta ɗauke ɗif. Na san ba ƙina yake yi ba, don na sha tarar da ƙaton kifi a kwanona ba a ce ga wanda ya sayo ba. Amma ni ba kifi nake nema ba. Abin da nake so bai wuce mu zauna ni da shi ba, ya ce na ce, ko da a kan tsadar gas ne, tun kafin tsufa ya gama da shi.

Baba direban tifa ne, yashi yake ɗebowa daga kogi ya kai wa masu gini. Motarsa tsohuwa ce mai dogon hanci, ta girme ni, fentinta ya koɗe har ba ka iya rantsuwa a kan launinta na asali. Duk unguwarmu an san shi da abu biyu: ba ya ƙwarar mutum a lodi, ba ya kuma yi wa gas afuwa. Idan ya hango gangare sai ya cire giya ya bar ta ta sulala. Idan ya iso ƙofar gida da yamma, tayoyi ba su gama tsayawa ba ya murɗe makulli, ya diro, ya ɗauki buta, ya yi masallaci. A wurinsa inji yana aiki mota tana tsaye almubazzaranci ne, kuma ya sha yi wa direbobi wa'azi a kan haka ba tare da sun tambaye shi ba.

Matsalar ta faro ne daga hawan da ake yi a fito daga cikin kogi. Da rani, idan ruwa ya ja, tifofi suna gangarawa har inda 'yan lodi suke da shebur ɗinsu, a cika su da jiƙaƙƙen yashi, sannan su hawo ta hanya ɗaya ƙwal wadda mota biyu ba sa giftawa. Sababbin motocin nan 'yan China suna haye ta ko a jikinsu. Ta Baba kuwa sai ta kai rabi ta hau nishi, hayaƙi ya turnuƙe, ta tsaya cak. Na baya su yi ta hon, 'yan lodi su rugo da duwatsu su sa mata waigi, a rage mata kaya sannan ta lallaɓa. Yaran direbobi suka fara kiranta Hajiya Kaka. A ƙarshe shugabannin wurin suka ce, cikin ladabi dai, ko Baba ya riƙa yin rabin lodi, ko ya jira kowa ya fita sannan ya hawo. Ƙanena ne ya kawo mana labarin. Ranar Baba bai ci tuwo ba.

Yana da bakanike nasa na tun fil'azal, wanda muke kira Kawu. Taubashinsa ne, tare suka tashi a Indabo, kuma ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Baba ya san abin da Kawu zai ce, shi ya sa ya kauce masa. Ya shiga Kano shi kaɗai ya sayo turbo na hannu, babba, wanda aka ciro daga motar da ta fi tasa girma, ya kai wa wani matashin bakanike a bakin titi. Aka cire ƙaramin da ya gaji aka ɗaura sabon, aka ƙara buɗe famfon da ke ba inji gas. Turbo dai wata 'yar fanka ce da hayaƙin salansa yake juyawa, ita kuma tana cusa iska cikin inji da ƙarfi. Iska ta yi yawa, gas ya yi yawa, sai mota ta yi ƙarfi.

Ta kuwa yi ƙarfin. Kwanaki kaɗan Baba ya yi yana haye hawan nan da cikakken lodi, yana leƙo kai ta taga yana tambayar yaran ko akwai mai son a ja shi. Har waƙe-waƙen bege na ji yana yi a bakin rijiya. Sai wata ranar Alhamis, a daidai tsakiyar hawa, aka ji fam! Farin tururi ya rufe gilashi, ruwa ya haɗe da baƙin mai, Hajiya Kaka ta yi shiru. Ɗaya daga cikin motocin da yake yi wa gori ita ta jawo shi da sarƙa, ta ratsa da shi ta cikin gari ana shirin kasuwar Juma'a, har garejin Kawu.

Na je garejin washegari, da hujjar zan auna kujerar direba in ɗinka mata sabuwar riga, don soso ya daɗe da leƙowa. Na tarar an sauke kan inji, wanda suke kira tof, an ajiye shi a kan buhu. Baba yana zaune a gindin darbejiya, da ya hango ni sai ya gyara zama ya ba mu rabin baya. Kawu ya ɗaga wani fistan da ya tsage, samansa ya narke kamar an lasa, ya nufo ni da shi yana magana da ƙarfi don wanda ake yi dominsa ya ji.

"Zo ka gani, ɗana. Kai tela ne. Idan ka ɗauko injin markaɗe ka ɗaura wa tsohon keken ɗinkinka, me zai faru?"

Na ce, "Zai yi gudu, Kawu."

"Zai yi gudu mana! Sannan ka bi unguwa kana tsintar allura da ƙoshiya. To abin da wannan bawan nawa ya yi ke nan. Ya je ya sayo ƙarfi a kasuwa, bai tambayi wanda zai ɗauki ƙarfin ba."

Daga gindin bishiya Baba ya ce, "Wa ye bawan naka? Kai da aka goya ka a gidanmu."

"Ka ji shi ko? Inji ya fashe, baki bai fashe ba."

Na ɗauka Kawu zai ce a mayar da ƙaramin turbo a rufa wa kai asiri. Sai ya ce a'a, tunda tsoho ya ɗanɗana hawa ba zai haƙura ba, gara a gina cikin injin ya yi daidai da iskar da ake tura masa. Aikin ya ɗauki lokaci, ni kuma rigar kujera ɗaya ta zame min dalilin zuwa kullum. Yau in ce awo bai yi ba, gobe in ce zan gwada. Aka kai tof Kano aka goge fuskarsa ta kwanta sumul. Aka sayo fistan masu kauri, waɗanda aka yi don zafi irin wannan, da sababbin ringi. Aka samo gasket, wato faifan da ake shimfiɗawa tsakanin tof da gangar inji, mai ƙarfe a jiki maimakon wanda ya ƙone. Kusoshin da ke ɗaure tof da gangar inji kuwa Kawu ya tattara tsofaffin ya watsa a kwandon bola, ya ce sun riga sun miƙe, ko an ɗaure su ba za su riƙe ba. Sababbin da kansa ya ɗaure su, da wani dogon sifana mai yin ƙas idan ɗauri ya kai, yana farawa daga tsakiya yana zagayawa zuwa gefe, ya dawo ya sake bi, bai yarda kowa ya yi masa magana ba har ya gama. A gaban lagireto ya kafa wani abu mai kama da shi, amma iska yake sanyayawa ba ruwa ba. Ya rage wa famfo gas ɗin da matashin bakaniken nan ya buɗe, ya canza kulochi, sannan ya maƙala wani ɗan agogo kusa da sitiyari mai allura ɗaya, wadda take nuna zafin hayaƙi.

Duk wannan lokaci Baba yana gindin darbejiya yana jan carbi. Na lura ya rame. Hannunsa, da na saba gani a kan sitiyari kamar an haife shi da shi, ya zama hannun tsoho, jijiyoyi duk a waje. Tausayinsa ya kama ni, na kuma ji tsoro, don na ga lokacin da nake ta jira yana iya ƙarewa ban samu komai ba.

Ranar da aka tayar da ita, sautinta ya canza. Ƙarar nan mai kauri tana nan, amma a bayanta akwai wani siririn fito da yake tashi idan an taka totur. Baba ya miƙa hannu zai karɓi makulli, Kawu ya mayar da shi aljihu.

"Da sharaɗi. Na san halinka, kana tsayawa kake murɗe makulli. To daga yau an daina. Fankar nan idan ka dawo daga aiki ja take yi wur don zafi, kuma baƙin mai ne yake ratsa ta yana sanyaya ta. Ka kashe inji, mai ya tsaya, wanda ya rage a ciki ya soye. Ka yi haka sau kaɗan, ka dawo nan a kan sarƙa. Idan ka tsaya, ka bar ta tana aiki a hankali sai ta huce."

Baba ya ɓata rai. "Mota tana tsaye tana shan gas? Har tsawon wane lokaci?"

"Gwargwadon shan kofin shayi mai zafi."

"Ni ba na shan shayi da yamma."

"Za ka fara." Kawu ya juyo ya nuna ni da makullin. "Kuma ban yarda da kai ba, don haka ga ɗan sanda na naɗa. Shagonsa yana ƙofar gida. Da ka tsaya zai kawo shayi ya hau ya zauna, sai kofi ya ƙare a kashe. Ɗana, idan ya murɗe kafin nan, ka zo ka gaya min."

Baba ya dubi ƙasa, ya dubi darbejiya, ya ce, "Ai akwai yara a gidan."

"Yaran da kake saye da alewa? Wannan nake so."

Ban taɓa tambayar Kawu ko da gangan ya yi ba. Na dai ga ya kashe min ido ɗaya lokacin da yake miƙa makullin, amma Kawu ko da akuya yake magana yana kashe ido.

Yammar farko ba ta yi daɗi ba. Na jiyo fiton tun daga kwanar titi, na zuba shayin da matata ta dafa, na fito. Na hau ta ɗaya ƙofar na yi sallama, ya amsa wa gilashi. Na miƙa kofi ya karɓa bai dube ni ba. Gaban motar yana warin gas da jiƙaƙƙen yashi da turaren da yake shafawa tun ina yaro, kujerar tana ɗan rawa a ƙarƙashina. Baba ya kafa kai ya shanye shayin nan da tururinsa a kurɓi kaɗan, idonsa ya kawo ruwa, ya murɗe makulli ya dire. Da daddare na ji Inna tana tambayarsa me ya sa yake cin tuwo da gefen baki.

Washegari ya hura kafin ya kurɓa. Haka muka yi ta yi, shi yana kallon allura, ni ina kallon awakin maƙwabta, inji yana ta gunaguninsa a tsakaninmu. Har na fara cewa a raina wannan ai wahalar banza ce, shirun da ake yi a tsakar gida ne aka ɗauko aka kawo cikin mota.

Sai wata rana ya daki sitiyari da tafin hannu a hankali, ya ce, "Yau kin yi ƙoƙari, 'yar tsohuwa. Yaron nan mai jar mota ya ce zai riga ki fita, ga shi can kin bar shi yana cin ƙura."

Da motar yake. Na dubi agogon nan na ce, "Ai dama raina ta suka yi. Da giya ta nawa ta hau?"

Ya kurɓi shayi. Na ɗauka shi ke nan na ɓata. Can ya ce wa sitiyari, "Da ta biyu. Ko nishi ba ta yi ba."

Daga ranar muka samu 'yar aike. Duk abin da Baba zai faɗa sai ya gaya wa mota, ni ma in ba mota amsa. Ta bakinta na ji yadda ya fara zuwa Wudil a ƙafa yana bin shanun kasuwa, da yadda ya yi shekaru yana yaron mota kafin a ba shi sitiyari, da shekarar da ruwa ya zo ba zato ya tafi da shebur ɗin 'yan lodi har da tukunyar mai abinci. Ta bakinta shi ma ya ji cewa masu kawo ɗinkin sallah a daren sallah su ne za su kashe ni. Ya yi dariya, ta gaske, irin wadda nake jiyowa daga nesa. Na kawar da kai don kada ya ga fuskata.

Ni kuma na shiga ha'inci, ban kuwa ji kunyar yin sa ba. Na ce wa matata ta riƙa barin shayin a kan wuta sai na jiyo fito, ta kuma ƙara citta. Na ajiye ƙaramin kofin na sayo wani mai kama da moɗa. Ranar da na fara kawo shi Baba ya juya shi a hannu ya ce wa mota, "Kin ga kofin mutanen yanzu, sai ka ce za a yi wa jariri wanka." Amma ya shanye.

Lokacin matata tana da tsohon ciki, na farinmu. A gidanmu ba a zancen irin wannan, balle da Baba. Wata yamma, damina ta kusa, hadari yana haɗuwa ta gabas ana ta sauri a kwashe yashi kafin kogi ya cika, ya dawo a gajiye. Muka yi 'yar hirarmu ta wajen mota, ya shanye shayi ya miƙo min kofi. Na dubi allura, ta kwanta tun tuni. Na buɗe ƙofa na zura ƙafa ɗaya waje.

Ya ce, "Bai huce ba."

Na sake duban agogon. Allurar tana can ƙasa, inda take kwana. Shi ma ita yake kallo, kuma ya fi ni sanin abin da take cewa. Mutumin da yake cire giya a gangare don ya tsira da cokali ɗaya na gas, ga shi zaune hannunsa ko kusa da makulli bai je ba. Na mayar da ƙafata na ja ƙofar na rufe.

Ya daɗe yana shafa sitiyari da babban yatsa. Sannan ya ce, "Ke ba ki sani ba, lokacin ba ki zo hannuna ba, wata nake ja ta wani Alhaji. Ina cikin kogi ana min lodi aka aiko wai an sauka a gida, an samu namiji. Mutane suna ta yi min barka, ni kuwa na ɗaure fuska na ce a cika min mota, aiki nake. Ai ba a nuna murnar ɗan fari. Na fito da lodi zan kai wani gini a hanyar Lajawa." Ya ɗan yi dariya ta hanci. "Ban san inda nake ba sai da na ga na juye yashin nan kaf a ƙofar gidan wani mai shayi, a wata unguwa daban. Ya fito yana ihu, wa ya aiko ka, wa ya ce yana gini? Ni kuma ina tsaye ina ta washe baki kamar taɓaɓɓe. Da shebur na kwashe shi ni kaɗai har la'asar, ban ji gajiya ba."

Na riƙe ƙaton kofin nan da hannu biyu. Na yi shekaru ina tsara maganganun da zan gaya masa idan rana irin wannan ta zo, masu zafi da masu sanyi, ko ɗaya ban tuna ba. Daɗi ne kawai ya cika ni, har da hawaye, ban kuma ɓoye su ba.

Da ƙyar na ce, "Mai shayin ya yafe?"

"Ya yafe. Har suna ya zo." Ya gyara hula, idonsa yana kan gilashi. "Idan an sauka lafiya, ranar kada a taɓa almakashi. Kayan mutane ne."

Na ce, "To, Baba."

Ladan ya fara kiran magariba. Yayyafi ya soma sauka a kan dogon hancin motar yana ƙafewa nan take. Inna ta leƙo daga zaure ta ga mota tana aiki, ta ga mu biyu a ciki, ta juya ta koma. Baba ya bari har aka gama kiran salla, sannan ya miƙa hannu ya murɗe makulli.